Idan ƴar wutar hitar gas ta mutu, kada ku yi gaggawar ƙyasta ashana

Ƙannena masu koyon gyaran kayan gas a Nima da Mamobi, da ku da kuke da hitar ruwa mai aiki da gas a gida, ga abin da na so a ce an faɗa mini tun da wuri. Hita mai tanki tana da wata ƴar wuta a ƙasanta wadda ba ta mutuwa dare da rana, ita ce ke kunna babbar wutar idan ruwa ya huce. Duk ranar da ta mutu, akwai dalili. Babban kuskurena a farkon sana'a shi ne ɗaukar ta kamar kyandir, ta mutu a sake kunnawa kawai.

Gas ɗin da muke saya a silinda a Accra ya fi iska nauyi. Idan ya zuba ba ya tashi sama, kwanciya yake yi a ƙasa, daidai inda za ka durƙusa da ashana. Don haka ka fara murɗa makunnin zuwa OFF, ka buɗe taga da ƙofa, ka jira minti 10. Ni minti biyu nake jira a da, kuma ba su isa ba. Sai ka sunkuya ka shinshina kusa da daɓe. Idan akwai wari, rufe regileta a kan silinda, kada ka taɓa makunnin lantarki ko na fanka, ka fitar da mutane. Warin ya yi ƙarfi, kira ƴan kwana-kwana a 192 ko 112, amma daga waje.

Idan babu wari, tabbatar tanki cike yake da ruwa: buɗe famfon ruwan zafi har ya zubo ba tare da tarin iska ba. Sannan ka murɗa makunnin zuwa PILOT, ka danna shi ciki ka riƙe, ka danna maɓallin tartsatsi har wutar ta kama. Tsohuwar hita marar maɓalli tana son dogon ashana, kuma a kunna shi kafin a danna makunnin, fuska a gefe. Idan yanzu aka canza silinda, akwai iska a cikin tiyo, za ta ɗan jima kafin ta kama. Ta ƙi bayan gwaji biyu, koma OFF ka sake jiran minti 10.

Bayan ta kama kada ka saki hannu. Riƙe daƙiƙa 30 zuwa 60. Dalili kuwa, akwai wani ɗan sandan ƙarfe a cikin harshen wutar, tamokoful, da siririn bututun jan ƙarfe ya haɗa da akwatin makunnin. Idan bakinsa ya yi zafi yana haifar da ƴar lantarki, wajen milibolt 25 zuwa 30, ita ke riƙe da maganaɗisun da ke barin gas ya wuce. Wuta ta mutu, ƙarfen ya huce, maganaɗisu ya saki, gas ya rufe da kansa. Shi ne maigadin gidan. Ka saki a hankali, idan wutar ta tsaya sai ka murɗa zuwa ON.

To idan tana mutuwa da zarar ka saki fa? A nan ne na yi kuskuren da har yau nake istigfari a kansa, wato cusa tsinke a makunnin don ya zauna a danne. Yin haka kashe maigadi ne: iska ta hure wutar da dare, gas zai ci gaba da zuba mutane suna barci. Wallahi kada ku yi, ko maigida ya matsa muku yana sauri. Ku dubi wutar tukuna. Ya kamata ta zama shuɗiya, tsayayya, ta lulluɓe kamar santimita ɗaya na bakin tamokoful. Idan ba ta kai shi ba, ƙila ya goce daga mazauninsa. Idan ya yi baƙi, rufe gas, bar shi ya huce, a goge da samfefa mai laushi. A duba notin da ya ɗaure shi da akwatin makunni: a ɗaure da hannu, sannan a ƙara kwatan zagaye da sifana, ba fiye ba, don matsewa da ƙarfi na lalata mahaɗin. Duk an yi ta ƙi, ya mutu ne, a sayi sabo mai tsayi da irin zare ɗaya.

Ƙaramar wuta mai launin rawaya kuma, yawanci ramin da gas ke fitowa ne ya toshe, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da ƙurar hunturu ke shiga ko'ina. A hure shi da iska. Na taɓa ɓata irinsa da allura: ramin ya faɗaɗa, wutar ta yi ta hayaƙi har sai da aka canza shi.

Ku kula da hita ta hannu da ake shigowa da ita daga Amurka ko Turai. Da yawa an ƙera su ne don gas na bututun gari, ramukansu sun fi faɗi, a haɗa su da silinda sai wuta ta yi yawa tana baƙin hayaƙi. Karanta farantin da ke jikinta, idan ba a rubuta LPG ba, wato gas na silinda, kada ka haɗa. Regileta ma ta zama mai ƙaramin matsi irin ta girkin gida, ba irin ta masu tuyar kifi a bakin titi ba.

Rawayar wuta tana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, sai dai ciwon kai da jiri, daga nan suma. Saboda haka hita ba ta zama cikin rufaffen banɗaki, kuma bututun hayaƙinta dole ya fita waje. Kafin ka tattara kayan aikinka, shafa kumfar sabulu a kan regileta, bakin tiyo biyu da duk notin da ka taɓa. Inda kumfa ta kumbura, rufe silinda ka sake ɗauri, sannan ka sake shafawa.