Titin Daguerre a Faris, unguwar Agnès Varda

Daga filin jirgin sama na Charles de Gaulle na hau jirgin ƙasa na RER B, wanda ke kai mutum tashar Denfert-Rochereau ba tare da canji ba. Da an fito, bakin titin Daguerre taku kaɗan ne. Farkonsa kasuwa ce ta masu kifi, cuku da burodi. Gara a je da safe, kuma a guji Litinin, don shaguna da dama ba sa buɗewa ranar.

A can ƙarshen titin Agnès Varda ta tare a 1951, kuma nan ne gidanta har rasuwarta a 2019. An fi saninta da fim, amma da hoto ta fara neman abinci, tana ɗaukar 'yan wasan daɓe na darakta Jean Vilar. A 1954 ta rataye hotunanta a bangon tsakar gidanta, maƙwabta suka shigo kallo.

Sai ka fahimci kyamararta, Rolleiflex, kafin ka gane hotunan. Nadin fim ɗaya hoto 12 kacal yake bayarwa, kowanne santimita 6 tsawo, 6 faɗi. Ana riƙe ta daidai cibiya, a sunkuya a duba gilashin sama. Nan baƙon hannu ke tuntuɓe: hagu da dama a juye suke, sai ya karkata kyamarar inda mai wucewa bai nufa ba, hoto ya tafi a banza. Ribarta kuwa, fuskarka ba ta ɓuya a bayan ƙarfe, wanda ake ɗauka yana ganinka kuna hira. A ganina shi ya sa mutanen cikin hotunanta suke a sake.

Da Varda ta zo yin fim ɗinta na 1975 kan masu shagunan titin, wayar lantarki mai mita 90 ta ja daga gidanta, iyakar wayar iyakar aikin. Na taka wannan tazarar, gidaje kaɗan ne, amma ta ishe ta samun mahauci, mai aski da mai burodi, don ta daɗe da saninsu.

Maƙabartar Montparnasse tafiyar ƙafa ce daga nan. A can Varda take kwance tare da mijinta, Jacques Demy, masu ziyara na ajiye dankalin turawa a kabarin saboda fim ɗinta na 2000 kan masu kalen amfanin gona. A duba taswira tun daga ƙofa, domin titi ya raba maƙabartar biyu.