Zoɓo da kanwa a ajin kimiyya

Ƙaramar sakandaren da nake koyarwa a wani ƙauye kusa da Gumel ba ta da ɗakin gwaje-gwaje. Littafi na cewa a tsoma takardar litmus, mai canza launi don nuna ko abu mai tsami ne ko mai kanwa-kanwa, abin da ɗalibaina ba su taɓa sa wa ido ba. Zoɓo kuwa a Jigawa sai wanda ya ƙi, har lodinsa ake yi a kasuwar Maigatari, kuma aikin takardar nan yake yi tsaf.

Nakan jiƙa shi a ruwan zafi, ba sukari ba citta, in raba a yankakkun robobin ruwa guda uku. A na farko mu matse lemun tsami, jan ya ƙara fitowa wur. A na biyu mu zuba jiƙon kanwa, nan take ya dushe ya koma kore-kore mai duhu. Na uku ba mai taɓa shi, da shi ake kwatanta sauran. Sinadarin da ke ba zoɓo launi, antosayanin, shi ke rikiɗa gwargwadon tsamin abin da ya tarar.

Abin da aikin ya koya mini shi ne, in ka zuba kawai, tafi za ka sha, a tashi ana cewa Malam ya iya rufa ido. Shi ya sa ba na ɗiga komai sai kowa ya faɗi abin da yake zato. Tsamiya fa? Ruwan toka? Nono? A nan 'yan mata ke shan gaban maza, su da suka saba da madafi. Wata da ba ta cika magana ba ta ce, "Malam, ai in miyar yakuwa ta yi tsami, kanwa Inna ke jefawa." Darasin da littafi ya cika shafi guda a kai ke nan, wato yadda kanwa ke kashe tsami, ta gama shi. Muka matse lemo a robar kanwa, kumfa ta taso, wato iskar kabon dayoksaid, ja ya dawo a hankali.

Sai bayan haka nake zana ma'aunin pH, wato ma'aunin tsami da kanwa-kanwa, a allo, daga 0 zuwa 14, 7 a tsakiya, lemun tsami wajen 2, kanwa can wajen 10.

Yanzu da kansu suke ƙullo kayan gwaji daga gida. Sharaɗina biyu ne: ba a ɗanɗanawa, kuma sodar haɗa sabulu ba ta shigo mini aji, don tana cin fata.