Yadda ake auna Ostiriya kafin a ba masaƙunta odar kaya

Duk wanda ya shiga Kantin Kwari ya nemi shadda mai daraja, sunan da zai fara ji shi ne gezna. Kamfanin Getzner ne ke saƙa ta a garin Bludenz da ke jihar Vorarlberg, can yammacin Ostiriya, kuma tushen kamfanin ya koma 1818. A wannan jihar dai garin Lustenau yake, inda ake yin leshin da Najeriya ta zama babbar kasuwarsa tun shekarun 1960. Ga shi kuma Ostiriya tana cikin ƙasashen da ƙwadago ya fi tsada a duniya: a alƙaluman 2023 na Eurostat, hukumar ƙididdiga ta Tarayyar Turai, awa ɗaya ta ma'aikaci tana cin mai kamfani sama da Yuro 40, alhali a Bulgeriya ba ta kai Yuro 10 ba. Mai son ba da odar kaya a irin wannan ƙasa, in ya tsaya a kan wannan adadi kaɗai, ya yi lissafin dokin rano.

Da farko a san yadda albashin yake. Ostiriya ba ta da mafi ƙarancin albashi na doka. Ƙungiyoyin ƙwadago da na masu kamfanoni ne ke zama su yanke na kowace sana'a, yawanci shekara-shekara. Kusan kowane ma'aikaci sau 14 yake karɓar albashi a shekara, yana da hutun mako biyar da ake biya, sannan mai kamfani yana ɗora wajen kashi 30 cikin ɗari a kan albashin, kuɗin inshorar lafiya da fansho da sauransu. Amfanin sanin wannan ga mai saye shi ne, farashin da aka ba ka yau yana da wa'adi. Ka tambayi ranar da zai ƙare, ka kuma tambayi watan da sabuwar yarjejeniyar albashi take fara aiki, domin ƙarin farashi a bayanta yake biyowa.

Abin da ya kamata a auna shi ne kuɗin ƙwadagon da ke cikin kowace mita ta yadi. A ɗauki misali don a ga hanyar lissafin. Ma'aikaci mai cin Yuro 40 a awa yana kula da injin saƙa 10, kowanne yana fitar da mita 5 a awa. Mita 50 ke nan, wato santi 80 a kan kowace mita (santi 100 ne Yuro ɗaya). A wata ƙasar ma'aikaci yana cin Yuro 4, yana kula da tsofaffin injuna 4, kowanne mita 4. Mita 16 ke nan, santi 25 a kan mita. Albashi ya ninka sau goma, amma tazarar da ta shiga cikin yadin santi 55 ce. A yadin da ake sayarwa da tsada, wannan tazara ba ta kai asarar bandir ɗaya da ya zo da tabo ba. Saboda haka tambayoyin da za ka yi wa masaƙa su ne: inji nawa mutum ɗaya yake riƙewa, shekarar injunan nawa, sau nawa ake canjin aiki a rana, kuma kashi nawa na yadin ke faɗawa mai daraja ta biyu.

Yanzu a juya lissafin zuwa ɗinki. Kaftani mai aiki da zai ci awa biyu a hannun tela a Ostiriya, Yuro 80 ya tafi tun ba a sa kuɗin yadi ba. Babu injin da zai rage wannan sosai, domin ɗinki hannu yake ci. Shi ya sa yadin ke zuwa daga Ostiriya, ɗinkin kuma a yi shi a Kano ko Maraɗi. A ganina duk kayan da aikin hannu ya fi yawa a cikinsa, kada ma a ɓata lokaci a nemi farashinsa a can.

Inda kuɗin shadda yake taruwa shi ne auduga da gyaran ƙarshe. Zaren siriri ne, na auduga mai dogon gashi. Bayan saƙa a injin jakad mai fitar da zane, ana babbake gashin da ke saman yadin, a wanke, a jiƙa shi a ruwan soda mai ƙarfi yana a miƙe don ya yi sheƙi ya kuma karɓi rini, sannan a bi da shi tsakanin manyan ƙarafa masu zafi da nauyi, kwatankwacin abin da masu bugu ke yi da itace. Duk wannan zafi yake buƙata. Fiye da rabin lantarkin Ostiriya daga ruwa yake fitowa, amma tururin masana'antu da yawa gas ne ke ba da shi, kuma a 2022, bayan Rasha ta afka wa Yukren, farashin gas ya yi tashin gwauron zabo a Turai. Ka duba ko takardar farashin tana da sharaɗin ƙarin kuɗin makamashi, in akwai a rubuta iyakarsa.

Samfur kuwa a gwada shi da hannu. Yanki murabba'i mai santimita 50, auna, wanke sau uku, sake aunawa ka ga nawa ya tsuke. Goga farin ƙyalle mai danshi a kan mai rini, ka ga ko ya zuba. Ɗaga shi a rana, ka duba ko akwai layin da zare ya tsinke aka haɗa. Matsalar da ta fi yawa ko a masaƙa ta kirki ita ce bambancin launi tsakanin tukunyar rini ɗaya da wata, don haka a sa lambar tukunya a jikin kowane bandir. Kuma a tuna da mita suke sayarwa: mita 100 yadi 109 ne da ɗoriya, a kuma rubuta faɗin yadin a cikin yarjejeniya.

Sai kuɗin isowa gida. Ostiriya ba ta da teku. Kwantena sai ta bi mota ko jirgin ƙasa zuwa tasha irin Hamburg ko Rotterdam, kayan gaggawa kuma su bi jirgin sama. Masaƙu kan ba da farashin EXW, wato a bakin ƙofarsu, komai daga nan a wuyanka. Ya fi kyau a nemi FCA, wato su miƙa kayan ga mai ɗauko maka su, su ne za su yi takardun fitarwa, kuma da shaidar fitar ce ake cire harajin kaya na Ostiriya na kashi 20 cikin ɗari. Najeriya ba ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci ta EPA da Tarayyar Turai ba, don haka babu rangwamen kuɗin fito a kwastan, ga Fom M, takardar shigo da kaya Najeriya, da sai banki ya buɗe kafin a loda kaya. Canji shi ne babban haɗari. Tun da aka saki naira kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023, wanda ya ba da oda yau ya biya bayan wata uku zai iya tarar ribarsa ta tafi. Ɗan kasuwar Nijar ya huta da wannan, domin sefa a ɗaure take da Yuro a kan sefa 655.957 kowane Yuro ɗaya.

Kafin a tura ko sisi, a tabbatar da kamfanin. Kowane kamfani mai rajista yana da lamba a kundin rajistar kamfanoni na Ostiriya, wato Firmenbuch, lambar harajinsa kuma ana iya duba ta kyauta a shafin VIES na Tarayyar Turai. Sunan da ke kan asusun banki dole ya zama shi ne na takardar farashi, kuma in saƙo ya zo cewa an canja asusu, a buga waya ta tsohuwar lamba a ji daga bakinsu. Wasu masaƙun ba sa sayar wa baƙo kai tsaye, sai ta hannun dilolinsu, kuma in zanenka na kanka kake so, za su sa mafi ƙarancin mitocin da za su saƙa, tunda ɗora zare a kan inji aiki ne mai cin lokaci ko yadin kaɗan ne.

Lokaci ma a lissafa shi da kalanda biyu. Masana'antu da yawa suna rufewa daga Kirsimeti zuwa 6 ga Janairu, wasu kuma su ɗauki makonni a watan Agusta. Daga 2025 zuwa 2027 ƙaramar Sallah a watan Maris take faɗowa, tana kuma matsowa da kwana 11 kowace shekara, teloli kuwa tun kafin azumi suke karɓar ɗinki. In aka ware wata biyu don teku da tashar Legas da hanyar Kano, kayan Sallah ya kamata su bar masaƙa a watan Nuwamba, odar kuma ta shiga tun watan Agusta bai kama ba.