Man kaɗen da ya narke mini a hanyar Tawa

Har yau in na tuna kwalayen nan shida, sai zuciyata ta sosu.

Azumin 2024 ne. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, mayukan da ke shigowa ta Kwatano suka yi tsada, mata suka waiwayo kan namu na gida. Nakan sayo man kaɗe wurin matan ƙauyukan Gaya, in buga shi da man kwakwa da ɗan turare har ya tashi kamar kindirmo. Wata mai shago a Tawa ta nemi robobi 300 kafin Sallah. Na kwashe adashena, jika 250 na sefa, na zuba duka.

Da hantsi na kai kayan tasha a Yamai. Yaron mota ya ɗaure su a saman mota, ina tsaye ina kallo, ban ce uffan ba. Wannan shirun ne ya cuce ni. Tafiyar sama da kilomita 500, ta Dosso da Dogondutsi da Konni, cikin zafin Afrilu, alhali na san man kaɗe ko ɗumin tafin hannu narkar da shi yake yi.

Bayan isha'i mai shagon ta kira: "Yaya, kayanki sun zama ruwa." Man ya tsiyaye ta bakin murfi, ya jiƙa takardun suna. Wanda ya rage kuwa, iskar bugun ta fice, roba ta koma rabi, da ya daskare sai ga shi da tsaki-tsaki kamar yashi. Wa zai saya?

Masu cewa sana'ar kwalliya wasan mata ce, da ma sun ga waɗanda suka zo ƙofata a makon nan. 'Yan mata biyu masu zuba mini mai, mai robobi na kasuwar Katako, yaron da ke buga takardun, ɗan kabu-kabu, ga matan Gaya suna jiran cikon kuɗinsu na cefanen Sallah. Sai da na sayar da 'yan kunnena na sallame su.

Yanzu da bazara sabulu da lalle da turaren wuta nake aikawa, bugaggen mai sai sanyi ya shigo. Ko a lokacin ma, motar dare kawai, da leda a ƙarƙashin kowane murfi, kuma ba na barin tasha sai na ga kwalayena a cikin mota.