Daga Layin Motar Ruwa Zuwa Kasuwar Donnybrook

Ranar Alhamis bayan la'asar motar ruwa ta shigo layinmu a Shari'u Mansur, babbar nan da mutanen Makka ke kira wayit. Gidaje biyu ne suka kira ta, kowa yana cewa shi ya riga. Kafin direba ya sauke tiyo murya ta tashi, maza sun firfito, mata suna leƙowa ta taga, Hausa da Larabci suna cin karo. Ba wanda ya taɓa wani. Can sai ga wani dattijo daga masallaci, ya ce a fara da gidan da ke da mai jego. Nan take ƙura ta lafa.

Ni ina falo da yara shida da nake koya wa Turanci. Babbarsu ta sauke labule ta juyo ta ce, "Malama, wannan me ake ce masa da Turanci?" Na ce mata quarrel. Ta ce, "Malama, ai wannan ya fi ƙarfin quarrel." Gaskiyarta. Da dare na zauna da ƙamus ina bin kalmomin Turanci na rigima da hayaniya ɗaya bayan ɗaya, sai na ga abin da ban taɓa lura da shi ba a shekarun da na yi ina koyarwa: da yawa daga cikinsu sunan wasu mutane ne ko wani wuri da aka jinginawa laifin hayaniya.

Ga donnybrook, wadda ake faɗa wa ɗauki-ba-daɗin da kowa ya tsunduma. Sunan wata unguwa ce a Dublin ta ƙasar Ailan. A 1204 Sarki John na Ingila ya ba da izinin a riƙa cin kasuwar shekara-shekara a can. Aka daɗe ana ci, ta yi suna wajen shaye-shaye da doke-doke, har aka rufe ta a 1855. Yau unguwar ta masu hannu da shuni ce, amma sunan ya manne. Ba a tuna ta da dabbobin da aka yi ta saye da sayarwa sama da shekara 600, da dambe ake tuna ta.

Wadda ta fi sosa mini rai ita ce bedlam, wato ruɗanin da ba kai ba gindi. Asalinta Baitalami ne, garin da aka haifi Annabi Isa. A 1247 aka kafa wani gidan ibada a Landan da sunan garin, daga baya ya zama wurin ajiye masu taɓin hankali, bakin jama'a kuma ya taƙaita sunan zuwa Bedlam. Har wajen 1770 mutanen gari kan shiga su yi kallon marasa lafiyar kamar masu zuwa gidan namun daji. Ina da ƙane da ya yi shekara uku yana fama da irin wannan lalura. Na san yadda Inna ke zama a bakin ƙofarsa da kofin kunu har ya huce, tana jira ya yarda ya sha. Kukan irinsa ne aka mayar sunan hargitsi. Asibitin yana nan har yanzu a kudancin Landan yana kula da mutane, kalmar kuwa tana yawo a jaridu duk lokacin da 'yan kallon ƙwallo suka rikice.

Ita pandemonium an san wanda ya ƙera ta. Mawaƙin Ingila John Milton ne, a 1667, ya haɗa kalmomin Girkanci biyu, "duka" da "aljanu", ya raɗa wa babban birnin shaiɗanu a cikin waƙarsa. Ita kuma uproar ba ta da alaƙa da roar, wato rurin zaki, ko da yake kunne haka yake ji. Daga yaren Holan ta zo, ma'anarta bore. Fracas ta biyo ta Faransanci daga Italiyanci, inda take nufin farfasa abu.

Sai wadda ta shafe mu kai tsaye, palaver. A yaren Fotugal, palavra na nufin kalma, ba ƙari. Mutanen Fotugal sun fara ciniki a gaɓar Afirka ta Yamma tun ƙarni na 15, su suka gina ganuwar Elmina da ke Ghana ta yau a 1482, sai kalmar ta zama sunan zaman da fatake ke yi da sarakunan gaɓa ana daidaita magana. Ingilishi ya ɗauke ta a ƙarni na 18. Da tafiya ta yi tafiya ta koma nufin surutu mara amfani da ɓata lokaci. Zaman sulhu da shawara na mutanen nahiyarmu ke nan, wanda bai gane harshen ba ya ji shi kamar hayaniya. Abin da dattijon nan ya yi a layinmu, shi ne palavra ta asali.

Namu kalmomin ba su cika ɗora wa kowa ba. Ka-ce-na-ce ta nuna maka baki biyu suna musayar magana. Cece-kuce haka. Ɗauki-ba-daɗi da ba-ta-kashi, kana jin su ka ga abin a idonka. Fitina da muka aro daga Larabci kuwa, malaman luga sun ce tushenta saka zinariya a wuta ne don a gane mai kyau da gurɓatacciya.

Ranar Asabar na rubuta musu kalmomin a allo, kowace da garinta da shekararta. Da muka zo kan bedlam na ba su labarin asibitin, na ce su san ta don jarrabawa da karatun jarida, amma ni ba na son jin ta a bakinsu. Yarinyar nan ta ɗaga hannu ta ce, "To Malama, na ranar Alhamis fa, wace za mu rubuta?" Na ce ta rubuta palaver, ta sa ma'anarta ta farko a gefe.