Kafin ka ƙara wa injin nan taimin

Ɗan ƙanena ya ɗaura wa motarsa turbo, ya sa salansa mai buɗaɗɗen baki, sai na tarar da shi a kujerar direba da kwamfuta a cinya yana ƙara wa taimin digiri, wato yana gaggauta lokacin da fulogi ke ba da wuta. Na tambaye shi ko ya haska alamar da ke jikin fulin inji da fitilar taimin, mai nuna digirin da wuta ke tashi, ya tabbatar abin da kwamfutar ke faɗa shi ne injin ke yi. Ya ce, "Baffa, ai an wuce wannan zamanin. Wani mai irin motar ya sa lambobinsa a intanet, su na kwafa." Faɗa ya zo mini har wuya na haɗiye, don ni ma na yi abin da ya fi wannan wauta, kuma gemuna ya riga ya fito a lokacin.

Mu a lokacinmu dilko, mai raba wa fulogai wuta, muke murɗawa. Na samu inji mai silinda huɗu, na kai tof, wato murfin kan injin, aka sassaƙe shi don matsi ya ƙaru, na sa kamshaf mai tsini, na ɗora kafireta biyu. Da na tayar sai ya ƙi zama a sulo, yana tari yana neman mutuwa. Na sassauta notin dilko, na riƙa juya shi a hankali har murya ta washe, juyi ya hau. Na ƙara kaɗan, ya ƙara daɗi. Na ɗaure noti na rufe bonet.

A yi mini adalci, ba duka na yi kuskure ba. Babban kamshaf yana barin bawul ɗin shiga da na fita a buɗe tare na ɗan lokaci, mai ya gauraya da hayaƙi, wuta ta yi nawar ci. Irin wannan injin dole a ba shi tartsatsi da wuri a sulo, kunnena bai yi ƙarya ba a nan. Maigidan da ya koya mini aiki ma da kunne yake saiti, motocinsa kuma suna tsufa lafiya. Sai dai nasa injinan yadda kamfani ya ƙera su suke, matsinsu kaɗan ne, suna yafe ganganci. Na san da wannan bambancin. Fitila kuma tana cikin akwatinsa, girman kai ne ya hana ni aro.

Abin da na ƙi tsayawa in lissafa shi ne, mai ba ya ƙonewa nan take. Shi ya sa fulogi ke ba da wuta tun fistin bai kai ƙololuwa ba, don ƙarfin turin ya same shi ya riga ya juyo, wajen digiri 15 bayan ƙololuwar. Juyi na ƙaruwa, buƙatar gaggauta wutar na ƙaruwa, saboda haka aka sa wasu ƙarafa biyu da sifirin a cikin dilko, suna buɗewa su ƙara digiri da kansu. Da aka auna nawa daga baya, 24 yake ƙarawa. Ni kuwa na kafa shi wajen 20 a sulo. Ka haɗa ka gani: 44, a injin da na ƙara wa matsi da hannuna.

Injin ya yi ta yi mini magana. In ya ɗau zafi sai sitata ta riƙa tokarewa, na ce batir ne. Allurar zafi ta fara hawa, na zargi lagireto. In na take totur a babban giya ina jin wani ƙas-ƙas kamar tsakuwa a gwangwani, amma ƙarar salansa ta danne shi, ni kuma ba na son in ji. Motar tana gudu, wannan ba ƙarya ba ne, har yau in na tuna yadda take fizga sai na ji wani abu. Ranar da ta gaji da ni rana ce mai zafi, a kan doguwar hawa. Ƙarfi ya zube, hayaƙi ya turnuƙe. Da muka sauke tof, gefen fistin guda ya ɓalle a mazaunin ringi, gasket ya ƙone, farin kan fulogi duk ɗige-ɗige.

Wajen gyara muka gano cewa alamar da ke jikin fuli ita ma ta goce. Irin fulin nan ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, in robar ta tsufa zoben waje yakan sulale ya tafi da alamar. Na daɗe ina fakewa da wannan, ina cewa ko na ɗauki fitilar ma da ta yaudare ni. Da ta yaudare ni da 'yan digiri, gaskiya ne. Da kuma ta nuna mini lambar da za ta tsorata ni.

Na so in jero muku shawarwari da yawa, samari, amma na san ba za ku karanta ba, ido na kan waya.

Ku fara da alamar. A cire fulogin silinda ta ɗaya, a ɗaura abin tokare fistin, a juya inji da hannu har ya tsaya a yi alama, a juya baya har ya sake tsayawa a yi wata. Tsakiyarsu ce ƙololuwa ta gaskiya. Da hannu na ce, wanda ya taɓa sitata ya huda fistin.

Sannan mai dilko ya zare tiyon iskar da ke jikin dilkon ya toshe, ya maƙala fitila a wayar fulogi ta ɗaya, ya ɗaga juyi zuwa wajen 3000 har alamar ta daina matsawa. Lambar nan ce ke kashe inji, ba ta sulo ba. In kana son wuta da wuri a sulo, sai ka taƙaita buɗewar ƙarafan ciki don jimillar ta tsaya inda take. Mai kwamfuta kuma ya kulle taimin a digiri 10 ya haska. In fuli ya nuna 14, to duk jadawalin da ya cika ƙarya ne da digiri 4.

Lambar wani kuwa ku bar masa abinsa. Za ku ji ana cewa tsofaffin injinan Chevrolet masu silinda takwas suna son 34 zuwa 36, haka ne, amma ba su da turbo. Inji mai turbo rage masa ake yi yayin da iskar da ake dura masa ke ƙaruwa. Mutumin intanet ɗin nan ka san ingancin fetur ɗinsa? Ka san zafin garinsu? Ko sunansa na gaskiya ba ka sani ba, amma ka miƙa masa fistinka.

Kada ku yarda da kunne. To, amma ku saurara, kunnen ne ya ji ƙas-ƙas tun kafin komai ya karye, ni ne na toshe shi. Kuma kada tsoro ya sa ku ja taimin baya da yawa, nan ma wutar za ta bi bawul ta fita, manifol ya yi jajir, inji ya ɗau zafi ba ƙarfi. A riƙa ƙara digiri ɗaya-ɗaya, ana gwadawa da cikakken zafi a kan hawa, ana cire fulogi ana dubawa. Inda ƙari ya daina kawo ƙarfi, a koma baya da biyu a ɗaure. In kun ga ɗigo ko ɗaya a farin fulogi, ku kashe motar a nan inda take.