Ƙoshin tuwo ba ya gina ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki

Makon jiya na raka ƙanwata awo, sai na lura cewa yawancin matan da ke zaune a kan benci cikinsu ya riga ya fito sosai, kuma da dama daga cikinsu ranar ce zuwansu na farko. A nan Kano kunya takan sa mace ta ɓoye ciki har wata biyar ko shida, alhali kuwa bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka yana gama rufewa ne cikin kwana 28 da shigar ciki, kuma a wannan ɗan lokaci ne ake tsananin buƙatar sinadarin folik asid, wani nau'in bitamin.

Ƙwaƙwalwar mutum tana ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma yawancin saƙonsu ta wani ɗan gibi yake tsallakawa: wannan ƙwaya ta saki sinadari, ta gaba ta karɓa. Biyu daga cikin waɗannan sinadarai, dofamin da serotonin, jiki ba ya iya haɗa su sai da sinadarin ƙarfe, wanda shi ne a cikin maganin ƙarin jinin da ake rabawa a wurin awo. Haka ma kitsen da ke lulluɓe jijiya, kamar robar da ke jikin wayar lantarki, sai da ƙarfen yake samuwa yadda ya kamata. Idan ƙarfen ya yi ƙaranci, saƙo yakan yi nawa a hanya, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ba lallai ne maganin da aka ba yaro daga baya ya gyara komai ba.

An ga makamancin haka a Holan, inda yunwar ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu ta 1944 zuwa 1945 ta riski mata masu ƙaramin ciki; 'ya'yan da suka haifa sun girma da haɗarin ciwon taɓin hankali na sikizofireniya kusan ninki biyu.

Mu tamu yunwar a ɓoye take, domin mace za ta ƙoshi da tuwo da shinkafa, amma babu wake, babu zogale ko alayyafo, babu kifi ko ƙwai, sannan ta kora da shayi, wanda yake rage wa hanji ƙarfin tsotsar ƙarfen. Kwaɗayin farar ƙasa da muke ɗauka laulayi ne kawai, sau da yawa alama ce ta wannan ƙaranci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe da maikirogiram 400 na folik asid kullum ga mai ciki. Ƙanwata ta ce ƙwayar tana tayar mata da zuciya, sai ungozomar ta ce ta riƙa sha bayan abincin dare, ta kuma nisanta ta da shayi.